Yadda Kamfanin Jirgin Sama ke Tsara Sabuwar Hanya Mai Nisa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa tashi daga Kano zuwa Guangzhou ko Landan ya san wahalar da ke ciki. Sai an sauka a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, a zauna sa'o'i a ɗakin jira da jaka a kan cinya, ido na kan allon tashin jirage. A nan ne mutum ke tambayar na kusa da shi: wai me ya hana a ba mu jirgi kai tsaye? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin matafiya da 'yan kasuwa game da yadda ake buɗe hanya mai nisa.

Wace hanya ake kira mai nisa, kuma wa ke yanke shawarar buɗe ta?

A al'adar masu harkar jirage, tafiyar da ta wuce kamar sa'o'i 6 a sama ta shiga sahun masu nisa. Legas zuwa Landan kusan kilomita 5,000 ne, sa'o'i 6 da rabi. A can ƙarshe akwai Singafo zuwa New York, sama da kilomita 15,000, kusan sa'o'i 19 ba sauka.

Kowane babban kamfani yana da sashen tsara hanyoyi. Su ne ke riƙe da jerin biranen da ake kwaɗayi, suna yi wa kowanne lissafi. Amma ba su kaɗai ke magana ba: masu kula da kuɗi, injiniyoyi, shugabannin matuƙa da lauyoyi duk sai sun sa hannu kafin a kai wa hukumar gudanarwa.

Ta yaya ake sanin akwai fasinja a hanyar da jirgi bai taɓa bi ba?

Wannan ita ce uwar tambayoyi. Mutanen da za su hau sabon jirgin suna tafiya tun yanzu, ta hannun wasu kamfanoni. Ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa Sin saro yadi. Ya je wurin ejan ɗinsa, an yanka masa tikiti: Kano, Addis Ababa, Guangzhou. Wannan tikiti ya bar sawu a na'urorin sayar da tikiti na duniya irin su Amadeus da Sabre, kuma kamfanoni na sayen waɗannan bayanai. Daga nan ake gane mutum nawa ne suka faro daga Kano suka ƙare a Guangzhou, a wane wata, da nawa suka biya. Ana ƙara wa da bizar da ofisoshin jakadanci suka bayar, yawan ɗalibai, yawan 'yan ƙasa mazauna can, da girman cinikin da ke tsakanin ƙasashen biyu.

Ma'aunin da suke aiki da shi shi ne fasinja nawa ake samu a rana, a kowane ɓangare. Mu yi misali. Jirgi mai kujeru 250, sau uku a mako, kujeru 750 ke nan a tafiya. In ana son cika kashi 80 cikin ɗari, ana bukatar mutum 600 a mako, wato kusan 86 kowace rana, sannan wasu 86 a dawowa. Kuma ba duk matafiyan za su dawo wurinka ba, domin wani zai ci gaba da bin tsohuwar hanya saboda arha ko kilon kaya.

Akwai wani abu da ke cutar biranenmu a wannan lissafi. Bakano da ya hau mota ko jirgin cikin gida zuwa Abuja, ya sayi tikitin Landan daga can, a takarda fasinjan Abuja ne. Haka mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya tashi daga Kano: ba inda sunan garinsu zai fito. Mai tsara hanya da ke zaune a ofis a Turai abin da takarda ta nuna masa yake gani.

Idan jirgi yana cika, ai an gama magana ko?

A'a. Jirgi na iya tashi maƙil da mutane kamfani kuma yana asara. Abin dubawa shi ne nawa kowace kujera ta kawo. Kujerun gaba, na manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanoni, ba su da yawa, amma tikiti ɗaya a can yakan ninka na baya sau uku, huɗu ko fiye. A yawancin hanyoyi masu nisa su ne ke rufe kuɗin mai. Kamfanin Singapore Airlines ya kai abin maƙura: jirgin A350 da yake turawa New York kujeru 161 kacal ne a ciki, babu ƙaramin aji ko ɗaya.

Hanyar Houston zuwa Legas misali ce mai kyau. Kamfanin United na Amurka ya riƙe ta ne saboda ma'aikatan kamfanonin man fetur da ke cika kujerun gaba. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi, ga kuma ƙarancin dala a Najeriya, sai ya rufe hanyar a 2016.

Sai kuma abin da fasinja ba ya gani, wato cikin jirgin ta ƙasa. Kusan rabin kayan da ake aikawa ta sama a duniya a cikin jiragen fasinja suke tafiya. Furannin Kenya da Habasha da ke isa kasuwannin Turai suna taimaka wa jiragen Nairobi da Addis Ababa. Jirgin da ya zo da kaya cike ya koma wayam, rabin cinikin ƙasan ya tafi.

To jigilar alhazai da masu Umara fa? Ba ta isa hujja ba?

Hujja ce ga hanyar Jidda da Madina, kuma shi ya sa wannan hanya ba ta mutuwa a Kano. Amma aikin Hajji na 'yan makonni ne, kuma mai gefe ɗaya ne: jirgi ya tafi cike ya dawo ba kowa, bayan Arafa a juya. Da haya ake yin irin wannan aiki, an riga an biya kuɗin kujerun gaba ɗaya. Hanyar yau da kullum kuwa dole ta ci abinci a watan da ba azumi, ba hutun makaranta, ba biki. Mai tsara hanya ya fi damuwa da watan da kasuwa ta fi mutuwa a kan watan da ta fi ci.

Wane irin jirgi ake zaɓa?

Wanda ya dace da yawan mutanen, ba wanda ya fi girma ba. A da, tafiya mai nisa sai manya masu injin huɗu kamar Boeing 747, waɗanda ba kowane gari ke iya cika su ba. Zuwan Boeing 787 da Airbus A350, masu injin biyu da ƙarancin shan mai, ya buɗe hanyoyin da a da ba sa biyan kansu. Da 787 Qantas ta fara Perth zuwa Landan ba tsayawa a Maris 2018, sa'o'i 17. Singapore Airlines ta rufe hanyar Newark, kusa da New York, a 2013 saboda tsohon A340 ya cika shan mai, ta sake buɗe ta a 2018 da A350.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne A321XLR, ɗan siririn jirgi mai layin tafiya ɗaya a tsakiya, mai iya cin kusan kilomita 8,700 da kujeru ƙasa da 200 in an tsara shi don doguwar tafiya. Iberia ce ta fara aiki da shi a Nuwamban 2024, Madrid zuwa Boston. Irin wannan jirgi shi ne ya dace da garin da ke da fasinja amma ba su kai cika babban jirgi ba.

Kamfanin da ba shi da jirgi a hannu yakan yi haya, wani lokaci har da matuƙa da ma'aikata. Da sauri ake farawa, amma da tsada.

Me ya sa wani jirgi ke yada zango a tafiya amma ba ya yi a dawowa?

Abu biyu ne: nauyi da iska. Jirgin 787-9 na iya ɗaukar mai kusan tan 100, alhali iyakar nauyin da zai tashi da shi kusan tan 254 ne. Duk tan ɗin man da aka ƙara, an rage fasinja ko kaya. Sannan man kansa nauyi ne, sai an ƙona mai a ɗauki mai, shi ya sa tafiya mai tsananin nisa ke da tsada.

Filin Bole na Addis Ababa yana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300. A can iska ba ta da kauri, inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗagawa da wuri. Jirgi ba zai iya tashi da tanki cike da fasinja cike ba. Don haka jirgin Ethiopian mai zuwa Washington yakan sauka a Turai ya sha mai, a Dublin ko Rum, amma a dawowa ya miƙe har gida. Zafin rana ma yana yin wannan aiki, abin da ya shafi duk filayen Sahel a bazara.

Iskar sama kuwa daga yamma take kaɗawa zuwa gabas. New York zuwa Landan ya fi Landan zuwa New York sauri da kusan sa'a guda.

Kamfani na iya zuwa duk ƙasar da ya ga dama?

Ba ya iyawa. Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944, kowace ƙasa ita ce mai iko da sararin samaniyarta. Kafin jirgin fasinja ya fara zirga-zirga tsakanin ƙasashe biyu, sai gwamnatocinsu sun ƙulla yarjejeniyar sufurin sama, wadda a Najeriya ake kira BASA. Ita ke faɗin sawu nawa a mako, waɗanne birane, da kamfanonin da kowace ƙasa ta zaɓa. Akwai kuma wani 'yanci na musamman, na ɗaukar fasinja tsakanin ƙasashe biyu da ba naka ba. Da shi Ethiopian ke kwasar mutane daga Lome zuwa Amurka. A Afirka an yi ƙoƙarin sassauta waɗannan shingaye da ƙudurin Yamoussoukro na 1999 da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya da aka ƙaddamar a 2018, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya.

Bayan yarjejeniya akwai binciken lafiyar aiki. Turai da Birtaniya kowacce na ba kamfanin waje nata izinin. Amurka kuwa hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar gaba ɗaya take tantancewa. Najeriya ta samu matakin farko, wato shaidar da ke ba kamfanoninta damar zuwa Amurka da jiragensu, a 2010, kuma Arik ta yi ta zuwa New York har 2017. Daga baya an cire ƙasar daga jerin a 2022, saboda an daɗe babu kamfanin Najeriya da ke zuwa can. Duk wanda zai sake buɗe wannan hanya da jirginsa sai an sake tantancewa.

Mene ne gurbin sauka da ake ta rigima a kai?

A filayen da suka cika, ba ka sauka lokacin da ka so. Ana ba ka gurbi: rana kaza, ƙarfe kaza. Heathrow, babban filin jirgin Landan, na da titin jirgi biyu kacal, kuma an ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, kusan duk an rabe. Wanda ya yi amfani da gurbinsa aƙalla kashi 80 cikin ɗari zai ci gaba da riƙe shi a zango mai zuwa, don haka tsofaffin kamfanoni ba sa saki. Sabon shiga sai ya jira ko ya saya. A 2016 Oman Air ta sayi gurbin sauka da tashi guda na safiya a kan dala miliyan 75.

Mun ga wannan da idonmu. Air Peace ta fara Legas zuwa Landan ranar 30 ga Maris, 2024, amma a Gatwick, wani filin jirgin Landan na daban. Yarjejeniyar gwamnatoci ta ba ta Landan, ba ta ba ta gurbi a Heathrow ba, domin wata hukuma ce mai zaman kanta ke rabon. Har sai da ministan sufurin sama, Festus Keyamo, ya rubuta wa takwararsa ta Birtaniya wasiƙar ƙorafi a 2024. Sai a Oktoban 2025 kamfanin ya fara Abuja zuwa Heathrow. A ganina ministan ya yi daidai da ya matsa, domin hakkin da ba a iya amfani da shi a filin da fasinja ke so bai cika hakki ba.

Shin jirgi yana miƙewa ne kawai daga gari zuwa gari?

Da wuya. Jirgi mai injin biyu dole ya kasance kusa da filin da zai iya sauka in inji ɗaya ya mutu. Dokar da ake kira ETOPS ce ke ƙayyade nisan. A da mintuna 60 ne, a 1985 aka kai 120, yanzu A350 na iya samun izinin har 370. Ba jirgi kaɗai ake ba izinin ba, har da kamfanin da yadda yake gyaran jiragensa. Mai ƙetare Sahara ko tekun Atlantika dole ya san kowane filin gaggawa da ke kan hanya, ko yana buɗe da dare, ko yana da motocin kashe gobara daidai girman jirgin.

Sai siyasa. Da Rasha ta rufe sararinta ga jiragen Turai a 2022, tafiyar Finnair daga Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga kusan sa'o'i 9 zuwa kusan 13. A yankinmu, yaƙin Sudan ya rufe sararinta a Afrilun 2023, sannan Nijar ta rufe nata a Agustan 2023 bayan juyin mulki, na kusan wata guda. Jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sun yi zagaye mai nisa, wasu har da tsayawa shan mai. Kowace ƙasa da aka ratsa kuma ana biyanta kuɗin wucewa.

Me ya sa ake cewa kuɗin kamfanoni sun maƙale?

Kamfanin waje yana sayar da tikiti da naira, amma hayar jirgi, inshora da kayan gyara da dala ake biya. In ba a samu canji ba, kuɗin na nan a banki suna rage daraja. A 2023 abin da ya maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800, mafi yawa a duniya a lokacin. Emirates ta dakatar da zuwa a 2022, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Waɗanda suka zauna sun rufe tikiti masu arha, fasinja ne ya sha wuya. Mai tsara hanya ba ya manta irin wannan: ko fasinja sun kai yawan yashi, sai ya tambaya ko zai iya fitar da kuɗinsa.

Don me jirage ke tashi a lokutan da ba su da daɗi?

Domin ba garinka kaɗai ake dubawa ba. Kamfanonin da ke da cibiya, kamar Addis Ababa, Doha, Dubai da Istanbul, suna tara jiragensu su sauka kusan lokaci guda, fasinjoji su sauya, sannan su tashi kusan tare. Jiragen Afirka ta Yamma na isa Addis Ababa da dare don su tarar da masu zuwa Asiya da Turai. Lokacin tashinka daga gida an ƙirgo shi ne daga can baya. Haka jirgi ɗaya daga Kano ke ɗauke da mai zuwa Guangzhou, mai zuwa asibiti a Indiya da mai zuwa Dubai, kuma haɗuwarsu ce ke cika shi.

Akwai kuma lissafin jirgin kansa. Legas zuwa Landan da dawowa na shiga cikin sa'o'i 24, jirgi ɗaya ya isa kullum. Hanyar sa'o'i 14 sai jirage biyu, da matuƙa uku ko huɗu a kowane sawu, da otal ɗin da za su huta.

Tsawon wane lokaci ake ɗauka kafin a fara?

Daga nazari zuwa tashin farko, shekara ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne. Jadawalin duniya zango biyu ne, ɗaya na farawa Lahadin ƙarshe ta Maris, ɗaya Lahadin ƙarshe ta Oktoba, kuma ana neman gurbi watanni kafin nan. Ana buɗe sayar da tikiti tun da sauran watanni. Shekarar farko yawanci asara ce, shi ya sa wasu filaye ke rage wa sabon kamfani kuɗin sauka don jawo shi. In hanya ta ƙi tashi bayan shekara biyu ko uku, jirgin na da wasu biranen da ke jiransa.

Kano fa? Me zai dawo mata da jiragen kai tsaye?

Kano ta riga kowa a wannan harka. Jiragen sama na farko da suka shigo Najeriya sun sauka a nan, a 1925. Shekaru da dama jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suna sauka shan mai, kuma KLM ta yi zirga-zirga daga 1947 har 2012. Amma da yawa daga wannan hada-hada albarkacin gajeren zangon jiragen da ne. Da jirage suka iya ƙetarewa ba tsayawa, sai Kano ta koma dogaro da fasinjanta na kanta.

Fasinjan kuwa akwai su, shaidar ita ce Ethiopian da EgyptAir da jiragen Saudiyya, da Qatar Airways da ta shigo a 2022. Abin da ya rage aiki ne da za a iya yi. Na farko, a tattara alƙaluma na gaskiya, har da masu bi ta Abuja da Legas da masu shigowa daga Nijar, a kai wa kamfanoni a tarukan da filaye ke tallata kansu. Na biyu, kayan fitarwa: fata, nama da kayan lambu na bukatar ɗakin sanyi a filin jirgi da takardar ingancin da Turai da ƙasashen Larabawa za su karɓa. Na uku, na'urorin saukar da jirgi su kasance suna aiki a lokacin hunturu, domin hazo na iya tilasta wa babban jirgi karkata zuwa wani gari, kuma karkata ɗaya na cinye ribar sawu da yawa. Na huɗu, jiragen cikin gida daga Sakkwato, Maiduguri da Yola su iso a lokacin da ya dace da tashin babban jirgin, a kan tikiti ɗaya, ta yadda jakar fasinja za ta wuce ba sai ya sake ɗaukarta ba. Kano zuwa Landan bai kai kilomita 4,500 ba, kusan rabin abin da A321XLR ke iya ci, kuma kujeru ƙasa da 200 sau uku a mako bai kai mutum 600 ba.